Sayen Allon Majigi: A Fara Tuna Mai Zaman Baya

Sau da yawa akan ga makaranta, ko ƙungiyar manoma, ko ofishin lafiya na ƙaramar hukuma, sun tara kuɗi da ƙyar sun sayi majigi sabo fil, sun haɗa da lasifika da ɗan injin wuta. A sa rana, mai shela ya zaga gari. Ran nan jama'a su hallara tun kafin magariba, dagaci da mutanensa bisa kujeru, yara a gaba a ƙasa, mata kuwa can baya da gefe-gefe. Sai an zo kunna na'ura sa'an nan wani ya ce, "To, a jikin me za a haska?" Nan da nan a tura yaro gida ya yayo zanen gado, a ɗaure shi tsakanin darbejiya da turken wutar lantarki. An yi tuya ke nan an manta da albasa.

Abin da ke biyo baya sananne ne. Iska ta kaɗa zanen, fuskar mai jawabi ta kumbura ta motse. Rabin hasken ya ratsa zanen ya tafi bangon maƙwabta. Rubutun da ke faɗin yawan maganin da za a zuba cikin tankin feshi, ko ranar da za a mai da jariri allurar rigakafi, na sahun gaba kaɗai suka karanta. Uwar da aka kira taron dominta ta koma gida da goyonta ba ta ƙaru da kome ba. Kashegari a ce ai majigin ne jabu, alhali kuwa shi ya yi aikinsa, abin da aka tara masa ne ya kāsa.

Don haka a wannan mako filin nan zai duba yadda ake zaɓen allon majigi irin na tafi-da-gidanka, watau wanda ake naɗewa a ɗauka daga wannan aji zuwa wancan, ko daga wannan ƙauye zuwa na gaba.

TSOHON AIKI NE

Majigi ba baƙo ba ne a ƙasar nan. An fara nuna hoto mai motsi a Nijeriya cikin watan Agusta na 1903, a ɗakin taro na Glover da ke Ikko. A ƙarshen shekarun 1920 wani Bature jami'in kiwon lafiya, William Sellers, ya shiga yin amfani da fim a Ikko don ya nuna wa jama'a yadda ɓeraye ke yaɗa annoba. A 1939 Gwamnatin Ingila ta kafa hukumar shirya finafinai domin ƙasashen da take mulka, ta ɗora shi a kanta. Daga nan motocin majigi suka yi ta ratsa garuruwa da ƙauyuka, kuma Gwamnatin Jihar Arewa ta ci gaba da wannan aiki a ƙarƙashin Ma'aikatar Watsa Labaru. Dattawa da yawa ba su manta da Baban Larai ba, fim ɗin shekarun 1950 da ya koyar da noman auduga. Ita kanta kalmar majigi an aro ta daga sunan da Turawa ke kiran tsohuwar fitilarsu ta nuna hoto, wadda suke ce wa fitilar sihiri.

Motar majigi ta wancan zamani takan zo da kayanta cif: injin wuta, da na'ura, da lasifika, da mai fassara, da kuma allo. Akan kafa allon a ƙofar fada ko filin kasuwa, a ɗaga shi sama, a jira duhu ya shiga. Yau na'ura ta ƙanƙance har ta shiga jakar hannu, kwamfuta ko wayar salula ta maye gurbin faifan fim, amma idon mutum yana nan yadda yake, haske ma bai sake hali ba. Abin da ya wajaba a kan ma'aikatan wancan lokaci ya wajaba a kan malamin makaranta na yau.

A AUNA WURI KAFIN A JE KANTI

Kuskuren farko da masu saye kan yi shi ne su tafi kanti su tambayi ɗan kasuwa wane allo ne ya fi kyau. Ɗan kasuwa bai san ɗakin ba, bai san jama'ar ba. Wanda ya kamata a fara tambaya shi ne mutumin da zai zauna a sahun ƙarshe. A ɗauki awo, a auna daga inda za a kafa allo zuwa inda zai zauna, domin wannan tazarar ce za ta faɗi girman allon da ake bukata.

Masu sana'ar haɗa ɗakunan taro suna da wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: huɗu, shida, takwas. In fim za a kalla, kada mai zaman baya ya wuce ninki 8 na tsayin allo daga ƙasa zuwa sama. In akwai rubutun da za a karanta, kada ya wuce ninki 6. In kuwa abin dubawa ne da kyau, kamar taswira, ko jadawalin lissafi, ko zanen injin, to ninki 4 ne iyaka. Na sahun gaba kuma kada ya matso kusa da ninki 2, don kada wuyansa ya ƙage.

Ga misali. Ɗakin taron makaranta ne, bencin ƙarshe yana nesa da bango mita 9, kuma darasi za a nuna mai rubutu. A raba 9 gida 6, a sami mita ɗaya da rabi. Allon da tsayinsa bai kai haka ba, ɗaliban baya sun yi asara. In kuwa fim za a nuna a fili, wannan allo zai wadatar har nisan mita 12.

A nan ne ake ruɗin masu saye, domin inci ɗin da ake rubutawa a jikin kwali awo ne daga kusurwa zuwa kusurwa, kamar yadda ake auna talabijin. Allo mai faɗi da aka ce inci 100 ne, faɗinsa santimita 221 ne, tsayinsa 125 kacal. Mai inci 120 yana da faɗin 266 da tsayin 149. Mai inci 150 kuwa 332 ne da 187. Ashe ke nan ɗakin nan mai mita 9 allon inci 120 yake so. Wanda ya ji "inci ɗari" ya ɗauka ya sayi ƙato, sai ya kafa shi zai ga iyakarsa mita bakwai da rabi in karatu za a yi.

Bayan girma sai ɗagawa. In jama'a a zaune suke bisa kujeru, gindin hoto ya tashi daga ƙasa kamar ƙafa 4, watau santimita 120, don kada kawunan na gaba da hulunansu da ɗaurin kallabi su tare na baya. A haɗa wannan da tsayin allo mita ɗaya da rabi, ya zama ana bukatar silin da ya kai mita 2.7. Yana da kyau a auna wannan ma, a kuma tuna da fanka. A fili inda mutane ke tsaye, tilas gindin hoto ya haye kan mutum.

Har ila yau a duba ko akwai wurin da za a ja majigi baya. Yawancin na ofis da makaranta suna son tazarar da ta kai ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na faɗin hoto. Allo mai faɗin santimita 266 yana bukatar a ajiye na'ura nesa da shi mita 4 ko 5. In ɗaki bai ba da haka ba, hoton ba zai cika allon ba, an biya kuɗin yadin da ba a yi aiki da shi ba. Akwai majigi masu jefa babban hoto daga kusa, amma sai an duba littafin na'ura a tabbata.

FASALIN ALLO

Allo iri biyu ne ya fi yawa a kasuwa wajen fasali. Akwai 4:3, wanda ya kusa zama murabba'i, fasalin tsohuwar talabijin da finafinan motar majigi. Akwai 16:9, mai faɗi, fasalin talabijin na yanzu da yawancin bidiyo. Wasu na'urorin ofis kuma 16:10 suke fitarwa. Abin da ya dace shi ne allo ya bi fasalin majigin da ake da shi, wanda ke rubuce cikin littafinsa.

In aka saɓa, asara ce ke biyo baya. Allon 4:3 mai inci 100 yana da faɗin santimita 203 da tsayin 152. In aka haska masa hoto mai faɗi, tsayin hoton zai tsaya a 114, sama da ƙasa su zauna fayau. Wanda ya yi lissafin mai zaman baya da 152 ya ruɗi kansa, don abin da ido ke karantawa 114 ne. Lissafi da tsayin hoto ake yi, allo kuwa mazauninsa ne kawai.

GIRMA YANA CIN HASKE

Kada mai karatu ya ce to ai sai a sayi mafi girma a huta. Hasken da majigi ke fitarwa ƙayyadadde ne, kamar man shanu ne a cokali: in an shafa shi a ƙaramin burodi ya ji, in an shafa a babba ya ɓace. In aka ninka awon allo sau biyu, daga inci 100 zuwa 200, filinsa ya ninku sau huɗu, hasken kowane taki ya koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Ana auna hasken majigi da lumen. Hanyar gwadawa ita ce a raba yawan lumen da filin allo a murabba'in ƙafa. Gidajen silima, inda duhu yake sosai, sukan nemi amsar ta kai 14 zuwa 16. Allon inci 120 filinsa murabba'in ƙafa 43 ne. Majigi mai lumen 3,000 zai ba shi wajen 70, wanda ya isa ko da akwai ɗan haske a ɗaki. Shi wannan majigi a kan allon inci 200 zai ba da 25 ne kawai, sai da dare ke nan. Ƙaramin majigin aljihu mai lumen 300 kuwa a kan inci 120 zai ba da 7, hoto dishi-dishi ko a cikin duhu. Mai irin wannan na'ura ya tsaya a inci 60 zuwa 80, daidai ruwa daidai tsaki. A lura kuma, lambar da za a amince da ita ita ce wadda aka rubuta ANSI kusa da ita, watau an auna bisa ƙa'idar hukumar ma'auni ta Amurka. Ƙananan na'urori masu araha sukan ɗauki manyan lambobi a kwali waɗanda ba da wannan ma'auni aka same su ba.

Akwai wata gaskiya da ya kamata kowane mai majigi ya sani. Majigi ba ya jefa baƙi. Duk inda aka ga baƙi a hoto, wurin ne na'ura ta bari ba ta haska ba. Saboda haka baƙin hoto ba zai fi yadda allon yake kafin a kunna na'ura duhu ba. In rana tana shigowa ta taga har ana ganin allon fari tas, to wannan farin shi ne baƙin da za a samu, baƙin rubutu ya koma toka-toka. Babu allon da zai yi kokawa da ranar Arewa a fili ya ci. A ɗaki, a juya wa taga baya ko a sa labule, kada haske ya faɗi kan allo kai tsaye. A waje kuwa a jira bayan magariba, in an bari sai bayan lisha ya fi, kuma a kashe ƙwan da ke kusa da allo.

FUSKAR ALLO

Masu ƙera allo sukan rubuta wata lamba da ke nuna ƙarfinsa na maido da haske: 1.0, ko 1.3, ko 2.0, har sama. Mai 1.0 fari ne marar ƙyalli, yana watsa haske ko'ina daidai wa daida, na tsakiya da na gefe su ga abu ɗaya. Ɗan kasuwa zai nuna mai babbar lamba ya ce ya fi haske, kuma in mai saye ya tsaya a gabansa sak zai ga haka ne. Amma allo ba fitila ba ne, ba ya haifar da haske. Abin da ya ƙara wa na tsakiya, daga rabon na gefe ya ɗebo. Allunan da aka yi wa fuska da ƙananan duwatsun gilashi, da masu ruwan azurfa, duk wannan hali gare su: mutum ya matsa gefe kaɗan, hoto ya dushe. Wani lokaci ma tsakiyar allon ya yi ƙyalli kamar an haska tocila, gefuna su yi duhu.

To, su wa ke gefe a taron ƙasar Hausa? Manyan baƙi ne ke tsakiya. Mata da 'yammata da waɗanda suka makara su ne ke rakuɓewa a gefe da baya, kuma sau da yawa su ne saƙon lafiya da na tarbiyya ya fi shafa. Taron da jama'a ke bazuwa kamar kofaton doki, allo fari marar ƙyalli mai 1.0 ko 1.1 ne nasa. Mai babbar lamba sai dogon ɗaki siriri inda kowa ke fuskantar allo.

Akwai allo mai ruwan toka, wanda ke taimaka wa baƙi ya ƙara duhu in akwai ɗan haske a ɗaki, amma yana rage farin ma, don haka sai majigi mai ƙarfi. Akwai kuma masu tsada da aka ƙera don su kau da hasken da ke zuwa daga sama ko gefe. Waɗannan sun fi son a kafa su wuri ɗaya a bar su, ba su cika jure naɗi da yawo ba.

Abu biyu kuma a duba. Na ɗaya, bayan allon ya kasance baƙi, mai kauri. A ɗaga shi a rana ko a haska masa tocila ta baya. In haske ya ratso, to hasken majigi ma zai zube ta nan, na bayan allo kuma ya shigo ya wanke hoto. Na biyu, baƙin layin da ke kewaye da gefuna ba ado ne kawai ba, yana shanye hasken da ya zarce, yana sa ido ya ga hoton ya fito raɗau.

Wani allo kuwa da gangan aka yi shi shara-shara don a haska ta baya. Majigi yana bayan allo, jama'a suna gaba, ana juya hoton daga cikin na'ura don kada rubutu ya fito a birkice. Amfaninsa babba ne a taron da yara suka yi yawa: ba mai gilmawa ya yi inuwa, ba mai tuntuɓe da waya, na'ura tana can an killace ta. Sharaɗinsa a sami fili mai duhu a baya daidai tazarar da na'ura ke bukata.

WANE IRI ZA A ƊAUKA?

Mai ƙafa uku shi ne tsohon abokin malamai. Allon yana naɗe cikin dogon kwanso, a buɗe ƙafafu, a ja shi sama a rataya. Mutum ɗaya ya kafa shi cikin minti biyu ko uku, kuma ana iya ɗaga shi ko sauke shi. Aibinsa, in ya girma yakan yi rangaji, gefunansa sukan lanƙwashe da tsufa, ƙafafunsa kuma suna cin wuri. Na ɗaki ne.

Mai tashi daga ƙasa yana cikin kwanson da ake ajiyewa a daɓe, a ja shi sama ya tsaya da kansa. Ya fi kowanne saurin kafawa da kyan gani a ofis. Sai dai gindinsa yana ƙasa, in taro ya yi yawa tilas a ɗora shi bisa tebur, kuma ƙarafunansa na ciki ba sa shiri da ƙura da yashi.

Waɗannan biyu suna da wata matsala da ba a tunawa sai an fito daga kanti. Kwanson ba ya lanƙwasuwa, kuma ya fi faɗin allon tsawo. Na inci 120 ya doshi mita 3. Ba zai shiga ƙaramar mota ba, balle a ɗaura shi a babur a bi hanyar ƙauye. Wanda zai yi yawo ya auna motarsa kamar yadda ya auna ɗaki.

Mai firam na haɗawa shi ya fi dacewa da mai zagaya ƙauyuka. Sandunansa na alminiyam ne masu naɗewa ko masu shiga juna, a haɗa su, a ɗame ƙyallen a jiki da maɓallai ko igiyar roba. Yana miƙewa sumul ba tattara, ana samun babba, kuma duka yana komawa cikin jaka ko akwati. Yana son mutum biyu da ɗan lokaci, kuma in maɓalli ko sanda ɗaya ta ɓace an shiga uku, saboda haka a riƙa ƙirga su kafin a bar wuri.

Mai hurawa kamar balan-balan yana da ban sha'awa, yana ba da ƙaton allo daga ƙaramar jaka. Amma yawancinsu sai fankar da ke hura su tana aiki tun daga farko har ƙarshe. Wuta ta ɗauke, allo ya durƙushe. Ga ƙarar fanka, ga ƙaya da ƙusa a fili.

Mafi araha shi ne ƙyalle zalla mai zobba a gefe, a ɗaure a bango ko tsakanin turaku. Yana shiga aljihun jaka, amma yakan zo da alamun ninki, kuma yawancinsa shara-shara ne. In an ɗame shi sosai ta kowace kusurwa a jikin bango mai duhu, yana fid da mutum kunya.

Duk wanda za a kafa a waje, a ji tsoron iska. Allon inci 120 filinsa ya kai murabba'in mita 4. Iska mai gudun kilomita 36 a awa, wadda ba ta kai ta gaban hadari ba, tana tura shi da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 25 zuwa 30. Wannan ya isa ya kifar da shi a kan yaran da ke zaune gaba. A ɗaure shi da igiya huɗu, biyu gaba biyu baya, a kafa turaku, a danne ƙafafu da buhunan yashi. In an sami bango a jingina masa baya, ya fi. In hadari ya taso kuwa, allo ake fara saukewa.

IN KUƊI BAI KAI BA

Rashin kuɗin allon kanti ba hujja ba ce ta komawa ga zanen gado. Tela da kafinta ko mai walda na unguwa za su iya fid da abin kirki. Yadin da ya fi dacewa shi ne na labule mai tare haske, wanda fuskarsa ɗaya fara ce sumul. In ba a samu ba, a ninka farin yadi mai kauri, a yi masa shafi da baƙi a baya. A guji shadda, don ƙyallinta da zanenta za su fito cikin hoto. Akoko yana ja zuwa rawaya, alawayyo falle ɗaya haske yana ratsa shi, tamfol kuma yana ƙyalli. Kada a sa wa yadin bula wajen wanki, kada kuma ɗinki ya ratsa tsakiya. Tela ya yi kalmasa mai faɗi a gefuna huɗu yadda bututun roba irin na famfo zai shiga, a haɗa bututun da gwiwoyinsa ya zama firam mai kwancewa. Makarantar da kullum a ɗaki ɗaya take nunawa ma ba ta bukatar na ɗauka: bango mai sumul da farin fenti marar ƙyalli ya wadatar, a zagaye shi da baƙin layi.

A KANTI DA BAYAN SAYE

Gani ya kori ji. Mai saye ya tafi da majiginsa in da hali, ya sa a buɗe allon a gabansa. Ya haska rubutu ƙanana, ya ja da baya daidai nisan da ya auno, ya karanta. Ya koma gefe sosai ya sake dubawa. Ya kafa allon da hannunsa ya naɗe, sau biyu, don ya san ko aikin mutum ɗaya ne. Ya girgiza shi kaɗan ya ga ƙarfin ƙafafu, ya duba ko maƙallan ƙarfe ne ko roba mai saurin karyewa, ya ɗaga jakar ya ji nauyinta. Wanda zai yi oda ta intanet kuwa ya nemi faɗi da tsayi a santimita, da tsawon kwanso, da nauyi, ya kuma san sharaɗin mayarwa kafin ya biya. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce.

Wajen kafawa, a sa majigi ya fuskanci tsakiyar allo sak. In aka karkata shi, hoto ya yi faɗi a sama ya tsuke a ƙasa. Na'ura tana da maɓallin gyara wannan, sai dai gyaran yana rage kaifin rubutu, gara a gyara zaman tebur.

Allo yana daɗewa in an kula da shi. Ƙurar hunturu a kaɗe ta da tsumma mai laushi kafin a naɗe. Datti a goge da ruwa da ɗan sabulu, ban da fetur da kananzir. Ƙwarin da haske ya tara da damina a kore su tukuna, don in aka naɗe da su tabonsu ba ya fita. Kada a naɗe shi da laima, fumfuna za ta ci shi. Kada a bar shi cikin but ɗin mota a rana, robarsa takan yi laushi ta manne. A ajiye shi sama da ƙasa, inda ɓera da gara ba su kai ba.

Duk wannan lissafi domin mutum ɗaya ake yinsa. Shugaban taro zai gani ko da zanen gado aka ɗaura, shi ya sa ba a cika jin kuka ba. Wanda ba ya gani yana can baya, kuma ba shi da bakin faɗa. Kafin a fara nuni, mai kula da majigi ya taka da ƙafarsa zuwa sahun ƙarshe, ya tsuguna inda yaro zai tsuguna, ya tsaya inda mai goyo za ta tsaya. In ya karanta rubutun daga nan, kwalliya ta biya kuɗin sabulu. In bai karanta ba, ya matso da jama'a, ko ya ɗaga allo, ko ya ƙara girman rubutu, tun ba a watse ba. Allah Ya sa a dace.